Marafan Kwalba da Direban Godogodo

Ran Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga koyon waƙa, wasu daga cikinku 'yan zumuntar matasa kun same ni a gindin mangwaron majami'a da allona a cinya. Ɗayarku ta leƙo ta ce, "Anti Rifkatu, wai har yanzu da marfin kwalba kike yin fozul ɗin nan? Ai waya za ta yi miki shi kafin ki gama shan ruwa." Kuka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni har gida kamar ɗan tsako, shi ya sa na roƙi wuri a mujallar wannan wata, in ba ku labarin aikin da kuke gani kamar wasa. Wasa ne kuwa, ban musa ba. Sai dai wasa ne da ya kusa aurar da ni ba da sanina ba.

Ga wanda bai saba juya mujallar ikilisiyarmu ta baya ba, a shafin ƙarshe akwai zane mai gidaje farare da baƙaƙe, da tambayoyi a ƙasansa. Kowace amsa ana rubuta ta harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu a kwance, wasu a tsaye. Inda kalma biyu suka haɗu sai su yi tarayya a harafi ɗaya, kamar maƙwabtan da rijiya ɗaya ta haɗa. Cike-gurbi muke ce masa, shi ne fozul ɗin da kuke faɗa. Ni nake gina shi kowane wata, kuma a wurin Baba Ishaya na koya.

Aikin farko da Baba Ishaya ya ba ni shi ne wankin marafai. Na je gidansa da ke bayan layin dogo a nan Kafanchan, sabuwar gama makaranta, da takardar digirina a jaka da waƙoƙin da nake rubutawa cike da kai. Na ɗauka zai zaunar da ni mu yi hirar kalmomi masu daɗi. Sai ya miƙo mini bokiti cike da marafan kwalaben lemo, da omo, da tsohon burushi.

"'Yata, ki wanke su sarai," in ji shi. "Harafin da ke warin lemo, tururuwa ce za ta fara karanta shi."

Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A jaridun Turanci da fasinjoji ke mantawa a kan kujeru ya fara ganin wasan, ya yi shekaru yana cikewa, har wata rana ya ce don me ba za a yi shi da Hausa ba. Bai yarda da takarda a farkon aiki ba, wai gogewa tana cinye ta kafin tunani ya nuna. Sai ya sa kafinta ya yi masa allo mai gida-gida kamar na dirafti. Kowane marfi yakan manna masa filasta a ciki ya rubuta harafi. Marfin da ke kallon sama harafi ne, wanda aka kife shi ne baƙin gida. In kalma ta ƙi zama, ka kwashe ta da yatsa ka jera wata. Sai allo ya cika, ya kwana, an sake dubansa da safe, sannan a kwafe shi a takardar lissafi da fensir da rula.

Na yi makonni ina rubuta harafin A. Hausa tana cin A kamar yadda mutanen Kagoma ke cin doya, ba ta ƙoshi. Gwangwanin A ya fi na kowa girma, Z kuwa da Ƙ a 'yar kwalbar man shafawa suke zaune, su kaɗan, kamar baƙi a gidan biki.

Allona na farko na gina shi a yini ɗaya, na kai masa ina rawar kai. Bai karanta ko kalma ɗaya ba. Ya kama allon ya juya shi, sama ta koma ƙasa, ya ce in duba. Baƙaƙen gidajena duk sun canja wuri.

"In an juya, dole baƙaƙen su faɗa inda suke ɗazu," ya ce. "Mutumin da fuskarsa ke canjawa in ka zagayo ta ɗaya gefen, za ki ba shi ajiya?"

Ya kifar da aikina cikin tire. Ƙarar marafan nan a kan tire har yau ina jinta, kamar ruwan farkon damina a kan kwano.

Dokokinsa ba su da yawa, amma kowace tana da haƙori. Dogayen kalmomi ake fara kafawa, su ne ginshiƙai. Kada baƙaƙen gidaje su yi yawa, wannan ragwanci ne, kamar manomin da ya bar rabin gona ya ce duwatsu ne. Kada ka haɗa kalma mai wuya da wata mai wuya a mahaɗa ɗaya, domin mai cikewa ba shi da ta inda zai shiga. Kuma mu nan yawancinmu da harshen gida muka tashi, Hausa a kasuwa da makaranta da majami'a muka same ta. Kalmar da ɗan Kano zai faɗa yana barci, tsohuwa a ƙauyenmu ba ta taɓa jinta ba. Saboda haka kowace kalma sai Baba ya tambaye ni, "Manomi a Godogodo ya san ta? Ɗalibi a Sabon Tasha fa?" In ɗayansu bai sani ba, sai a sa mata maƙwabta masu sauƙi su riƙe ta ta kowane gefe.

Tambayoyin su ne inda na fi shan wuya, don ni mai son ƙawata magana ce. Na tuna ranar da amsar ta kasance RAƁA. Na rubuta, "Hawayen da dare ya bari a kan ciyawa." Na karanta masa da murya mai taushi, ina jiran yabo. Sai ya ce, "Wa ya doki daren?" Matarsa da ke tsince shinkafa a gefe ta yi dariya har ta zubar da tiren. A ƙarshe muka daidaita a kan, "Tana jiƙa ƙafar mai sammakon zuwa gona, ba ruwan sama ba ce." Ya ce wannan ta fi, domin duk wanda ya taɓa fita da asuba ƙafarsa za ta ba shi amsa kafin kansa. Tambaya ta wahalar da mutum, amma in ya samu amsar ya bugi cinya ya ce ashe! Kada ya ce an cuce shi.

Babbar dokarsa kuwa ita ce kada allo ya kasance da jigo. Akwai irin wanda ake ginawa a kan abu ɗaya, a ce duk dogayen amsoshin sunayen annabawa ne, ko na garuruwa. Baba bai raina shi ba, amma ba ya yi. "Namu kasuwa ce," yakan ce. "Mai citta na zaune kusa da mai kwado, mai kwado kusa da mai gyaran rediyo. Ba abin da ya haɗa su sai ranar kasuwa." Wannan ne ya kama zuciyata a aikin. Ina kuma za ka ga WALƘIYA ta ratsa ta cikin KWALBATI, su yi gaisuwa a harafi ɗaya kowa ya wuce? Na taɓa samun TAURARO ya sauko ya tsaya a kan BURODI a wani lungu, na yini ina murmushi ni kaɗai har aka tambaye ni ko lafiya.

Lungun ƙasa na hannun dama shi ne kabarin masu gini. Ko'ina ya cika, saura nan, ga kalma uku sun shigo da haruffansu, ba wadda za ta haɗa su. Na taɓa yin kwana da kwanaki a kan irin wannan lungu, da ƙyar ya zauna. Na ajiye allon a tabarma na je ɗebo ruwa. Ina dawowa na tarar da kazar Baba a tsakiyarsa tana tono da ƙafa biyu, haruffa na tashi sama. Baba yana kujera yana kallo, bai ko ce mata kur ba. Ya ce, "Ita ma ba ta yarda da lungun nan ba."

Masu cikewa kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan fensir, masu tawali'u, akwai 'yan biro, waɗanda ba su taɓa kuskure ba a ganinsu. Akwai wata nas da ke cikewa a lokacin hutunta ta aiko mana da gyara. Akwai wani tsohon hedimasta a Sabon Tasha da ke bugo waya kowane wata don ya yi faɗa, in bai bugo ba mukan aika a duba lafiyarsa. A ƙauyuka kuwa mujalla ɗaya ce ke zaga unguwa. Wannan ya sa kalma ɗaya ya miƙa wa na gaba, har ta dawo da rubutun hannu iri-iri da tabon manja. 'Yan okada a mahaɗar Kagoma sukan yi nasu a kan tankin babur, ɗaya na karantawa, saura na ihu.

Sai shekarar da citta ta ruɓe. Ku da kuke ƙanana lokacin kun dai ga iyayenku sun yi shiru. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in ka tona sai wari. Gidan da aka sa ran yin rufin kwano, da ɗan da aka sa ran mayarwa makaranta, duk suka tsaya. Ko'ina ka zauna, a mota, a bakin famfo, a ƙofar majami'a, maganar ɗaya ce. A shekarar ce kuma yanar ido ta rufe idanun Baba, ya daina ganin harafi ko an kai shi bakin hancinsa. Ya miƙo mini allon da gwangwanayen ya ce, "Naki ne."

Ban gama murnar wannan gadon ba Rabaran ya kira ni ofishinsa. Shi ne shugaban kwamitin mujalla, mutum mai kirki, mai son kome ya kasance da amfani.

"Rifkatu, 'yata, takarda ta yi tsada, mutane ba sa saye," ya ce. "Dole mu rage shafi. Kowane shafi yana da darasi, ban da naki. Na cike na watan jiya da kaina. Na sami kada, na sami injiniya, na sami kunun gyaɗa. Me Ubangiji yake so in koya daga nan?"

Na ce, "Baba Rabaran, ba kome. Haka ake yinsa."

"To, kin ji da bakinki." Ya ce in yi na wata mai zuwa, daga nan kwamiti zai zauna. In ba a ga saƙo a ciki ba, shafin zai koma na sanarwar rasuwa.

Na fito na yanke shawara cewa in na ƙarshe ne, to zan yi shi yadda aka koya mini, in kuma yi wanda ya fi kowane kyau.

Da GODOGODO na fara, na shimfiɗa shi a layin sama. Ba don kome ba sai don ina son yadda sunan ke kaɗawa a baki kamar ganga, tun ina yarinya in mun wuce garin a mota nake rera shi. Daga haruffansa sai kalmomin tsaye su sauko, kamar kayan shanya a igiya. G na farko ya ba ni GISHIRI. D na farko na gwada masa kalmomi da yawa suka ƙi, sai DISAMBA ta zauna daram. G na biyu gajeren wuri ne, GORO ya shige. D na biyu ya karɓi DIREBA. Can ƙasa na kafa BAKAN GIZO, wanda na daɗe ina ajiye da shi a raina, Z ɗinsa kuwa ba ta da miji sai ZOBE. Lungun nan na dama ya yi mini gardama, har AKUYA ta zo ta cece ni, Allah ya yi wa akuya albarka, ta sha ceton masu gini. Na juya allo, baƙaƙe suka faɗa wurinsu. Na tashi na yi 'yar rawa a tsakar gida. Na kwafe na kai wa Oga Sande, mai injin buga mana mujalla, aka raba ta ran Lahadi.

Abu biyu ne ban sa a lissafi ba. Na ɗaya, mutanenmu sun saba duk abin da aka buga a takardar ikilisiya yana da abin da yake nufi, kuma labari ya riga ya zaga cewa Rabaran ya ce in sa saƙo. Na biyu, kun san al'adarmu. Yarinya mai tarbiyya ba ta buɗe baki ta ce za ta yi aure. Alama take saki, iyaye mata su tsinta.

Ran Talata da safe ina shara sai na ji waƙa tana tahowa daga bakin titi, da kacau-kacau da tulun kiɗa. Na ce ko haihuwa aka yi a unguwa. Waƙar ta karyo kwana, ta shigo layinmu, ta shigo gidanmu. Zumuntar mata ce, Mama Saratu shugabarsu a gaba, ɗankwali ya karkace, mujalla a hannu tana kaɗa ta sama kamar tuta. Ta rangaɗa guɗa ta rungume ni da tsintsiyata.

"Munafuki!" in ji ta. "Yarinyan nan ya iya ɓoye magana! Ka ɗauka ba za mu gane ba?"

"Mama, me aka gane?"

"Ji shi! Ladi, riƙe mini jaka." Ta buɗe shafin, an cike shi tsaf da jan biro, an zagaye wasu kalmomi. Ta bi su da yatsa. "Zobe. Goro. Gishiri. Akuya. Ni da na aurar da yara biyar, ban san kayan gaisuwan iyaye ba? Yaushe? Disamba. Wane ne? Direba. Daga ina?" Sai duk matan suka amsa baki ɗaya, "Godogodo!"

Na ce, "Mama, ai akwai bakan gizo ma a ciki."

"Alkawarin Ubangiji ke nan. An riga an yi alkawari."

"Akwai kuma kwalekwale."

Wata daga baya ta ce, "Hanimun! Yawon amarci!" Aka sake guɗa.

Mahaifiyata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta dube ni, ta dubi mujalla. Ta ce, "Rifkatu, ni na haife ki, amma sai a jarida zan ji?" Na rantse mata ba kome. Ta ce haka ita ma ta rantse wa tata uwar.

Kafin Alhamis ba sauran mujalla ko ɗaya. Oga Sande ya bugo mini waya, injinsa na ruri a bayansa. "Sista, wetin yu put insaid? Me kika sa a ciki? Tun da nake wannan aiki ban taɓa buga abu sau biyu ba sai kalanda!" Mutanen da ba su taɓa kallon shafin baya ba suka sayi fensir. Ana cikewa a kasuwa, ana cikewa a asibiti, kowa na neman sunan ango, wai tabbas yana ɓoye a wani lungu. Tsohon hedimastan Sabon Tasha ya bugo, karo na farko ba faɗa, ya ce yana taya ni murna, amma tambaya ta tara a tsaye ba ta yi ba.

A tashar mota kuwa aka yi taron tantance direbobin hanyar Godogodo. Aka cire masu aure, aka cire wanda ya tsufa, aka cire wani da aka ce ko akuya ba za ta yarda ta bi shi ba. Saura Danladi, mai wata tsohuwar bas da sai an tura take tashi. Ni ban taɓa yi masa magana ba banda "akwai canji?" Aka ce da aka tambaye shi sai ya sosa ƙeya ya ce shi ba ya son yawan magana. Ya wanke bas. Ya sa mata sabon madubi. Zumuntar mata kuma ta riga ta zaɓi atamfar anko, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, har an fara kai wa tela.

Ran Juma'a Rabaran ya sake kirana, fuskarsa kamar an kunna fitila.

"Yanzu kin gane!" ya ce. "Ashe shafin nan yana iya ɗaukar saƙo. Kwamiti ba sai ya zauna ba. Ki ci gaba, kowane wata ki ɓoye mana wani abu a ciki. Sai dai ki turo mini yaron mu fara koyarwar aure."

Ga shafina an miƙo mini a tafin hannu. Abin da ake so kawai in yi shiru, in ya so daga baya a ce an fasa, ai ana fasawa.

Na wuce gidan Baba Ishaya. Yana zaune a inuwa yana juya wani marfi a hannu. Na zayyana masa kome. Ya yi dariya har tari ya kama shi, matarsa ta kawo ruwa. Da ya lafa sai ya ce, "Mai cikewa amana ya ba ki. Ya yarda cewa in ya wahala, abin da zai samu gaskiya ne. Ki wahalar da shi yadda kike so, amma kada ki yi masa ƙarya. In kin yi sau ɗaya, kowane allo da za ki gina nan gaba ba zai cike shi ba, tona shi zai yi."

Ran Lahadi, lokacin sanarwa, na ɗaga hannu. Majami'a cike har taga. Na hango Danladi a layin baya cikin sabuwar riga, shi da ba ɗan ikilisiyarmu ba. Ina tashi mata suka fara guɗa, sai da mai sanarwa ya buga tebur. Na fito da allona da gwangwanaye, na ɗora a kan teburin baiko, inda ake ajiye sadaka, na jera GODOGODO a gaban kowa, marafai na ƙara.

Na ce, "Iyayena, ku duba. Nan D ne. Ina neman kalma mai tsawon nan da ta fara da shi. Ku ba ni."

Wani dattijo ya ce, "Dankali."

"Da ya zauna, Baba, da yau dankali zan aura."

Dariya ta tashi. Na nuna musu yadda dankali ya toshe kalmar da ke ratsa shi, na kwashe na sa Disamba. Na nuna musu direba, na nuna musu akuya a lungunta. Na ce ba zobe, ba ango, ba kome a Disamba sai Kirsimeti. Na juya wajen Rabaran na ce, "Baba, ba saƙo a ciki. Ba a taɓa sawa ba, ba kuma zan iya sawa ba. In don saƙo aka bar mini shafin, to ban cancanta ba."

Daga layin baya aka ji muryar Danladi, a hankali, "Ni dai ban ce a'a ba."

Wannan karon har mai kiɗan ganga ya faɗo daga benci. Rabaran ya cire tabarau yana share ido. Da aka natsu ya ce, "To, gaskiya ta yi kyau. Amma mun koma inda muke. Shafin da ba ya faɗin kome..."

Mama Saratu ta miƙe. Ba ta nemi izini ba, ba ta taɓa nema ba.

"Rabaran, ka yi haƙuri. Yarinyan nan ya ba ni kunya, zan kama shi a waje. Amma bari in tambaya." Ta juya ga jama'a. "Tun ran Lahadin da ya wuce, wa ya yi maganan citta a gidansa?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Mutane suka fara duban juna.

"Ni da Baban Ladi, tun da gonan nan ya ruɓe, in mun zauna sai tsaki. Satin nan mun yi faɗa a kan kwalekwale, mun yi faɗa a kan Danladi, har ya yi dariya na ga haƙorinsa da na manta. Kana so ka cire wannan ka sa mana hoton matattu? Wa'azi muna da shi, kana yi mana mai kyau, har yakan yi tsawo. Ka bar mana wuri ɗaya da ba a koya mana kome."

Aka yi tafi. Rabaran ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka tare a hanya. Ya ce, "Kwamiti ya ji." Shafin yana nan har yau, shi ne kuke gani.

Atamfar ba ta yi asara ba. An sa ta ranar godiyar kaka, har yanzu in mata sun fito da ita ana ce mata ankon Godogodo. Danladi ya auri wata mai sayar da lemo a tasha, ni na rubuta musu katin gayyata, kuma har gobe ba ya karɓar kuɗin motata, wai tsohuwar zuma.

Aikin kuma ya sami sabon mataki da Baba bai koya mini ba. In allo ya cika, na juya shi, ya kwana, sai in sake karanta shi da idon Mama Saratu. In ga ko ASIBITI ya zauna kusa da TSAMIYA, a ce wata ce ke da ciki, ko FILI ya ratsa LAUYA. Watan jiya sai da na rushe lungu guda saboda JARIRI ya faɗo a ƙarƙashin MAKAƊI, ga shi makaɗinmu bai daɗe da dawowa daga Legas ba. Ku tambayi wayarku ko ta san wannan. In ba ta sani ba, ina gindin mangwaro kowace Asabar. Ku zo da marafai, wankakku.

A ranar Lahadin nan da na yi bayani a majami'a, da yamma, bayan an tashi sujada, na koma wurin Baba da allon a kaina, ina tafe kamar ƙasa ba ta taɓa ni. Na ba shi labari tun daga dankali har zuwa jawabin Mama Saratu. Ya sa na jera masa allon duka, ya bi marafan da yatsunsa, layi-layi, ya juya shi da kansa ya sake shafawa, kifaffu duk suna inda ya kamata. Ya gyaɗa kai.

"Ya yi," ya ce. Tun da na fara wanke masa marafai ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba.

Na tattara gwangwanaye, na yi masa sallama. Har na kai ƙofa ya kira ni. Ya karkata kai ya saurara ko matarsa na kusa, sannan ya rage murya.

"'Yata, yanzu tsakanina da ke. Wane direban ne?"